RUWAN KINDASA

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma na kishi ba, duk da cewa kishiyata ce ta jawo maganar. Ina nufin kakata wadda ta haifi babanmu, Allah Ya jiƙanta Ya kai haske kabarinta, don tun ina 'yar mitsitsiya ba ta da sunan da take kira na da shi sai kishiya, ni ma haka nake mayar mata.

Tsohuwar nan tana da wata kalma wadda ban taɓa jin ta a bakin kowa ba duk faɗin unguwarmu. In kika haɗa mata shayi ya yi tsararo, sai ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ture kofin ta ce, "Kishiya, zo ki ɗauke kindasarki." In miya ta yi lami, kindasa ce. Kai, har wani saurayi da yake zuwa zance wurin yayata, mai hankali da shi ba ruwansa da kowa, ranar da ya shigo gaishe ta ya durƙusa ya fi minti goma bai iya haɗa magana uku ba, yana fita ta dube mu ta ce, "Kyau kam akwai, tsafta akwai, amma fa yaron nan kindasa ne." Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Shi ɗin kuwa Yaya ta aura, 'ya'yansu biyar yanzu, kuma har gobe bai san sunan da muke kiran sa da shi a bayan idonsa ba. In wannan ɗan littafi ya faɗa hannunsa ya yi haƙuri, ba ni na raɗa masa ba.

Mu duk mun ɗauka wani tsohon zagi ne na mutanen da. Mun san dai ta yi ƙuruciyarta a ƙasa mai tsarki, don ba ta gajiya da ba mu labarin, amma kin san yaro da labarin tsofaffi, ta nan yake shiga ta nan yake fita. Sai bayan rasuwarta, a 2019, da Allah Ya nufe ni da zuwa Umara, na san abin da take faɗa.

Muna da 'yan uwa a Jidda. Lokacin da Kaka ta dawo gida da aure, ƙaninta can ya yi zamansa, ya hayayyafa, ya rasu a can. Babbar 'yarsa, wadda muke kira Gwaggo, ita ta sauke ni kwana uku kafin mu taso. A Jidda aka haife ta, Hausarta rabi da rabi ce da Larabci, ruwa ma ba ta ce masa ruwa sai moya. Ranar da na isa ga gajiya ga ƙishirwa, ban jira an kawo min ba, na shige kicin na murɗa famfo na tara kofi na kafa kai.

'Yar uwa, yaya zan kwatanta miki? Ba zartsi ba ne, ba ɗaci, ba ɓauri, ba warin laka. Garai-garai yake kamar idon zakara. Amma yana wucewa ta maƙogwarona na ji kamar ban sha komai ba, kamar na haɗiyi iska mai ɗumi, sai wani ɗan ƙanshin magani da ya biyo baya a hanci. Ban san sanda bakina ya suɓuce ba na ce, "Tabɗi, wannan ai kindasa ce."

Gwaggo tana bakin ƙofa ta yi turus. Ta ce, "Ke 'yar nan, a ina kika san kindasa?" Na ce wurin Kaka, duk abin da ba shi da ɗanɗano haka take ce masa. Sai ta zauna a kan kujera ta yi ta dariya, can kuma na ga tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce, "Ai ba ki yi ƙarya ba. Wannan ruwan jikan kindasa ne. Ruwan bahar kika sha."

Na ce ruwan teku? Ta ce ƙwarai kuwa, da shi kika yi wanka a masaukinki na Makka, da shi aka dafa miki shinkafar da kika yi ta yabo. Wallahi sai na ji cikina ya juya. Ni da nake ganin duk ruwan da ke Makka in ba zamzam ba ne to ɗan uwansa ne! Daga daren nan na shiga tambaya, na dawo gida na ci gaba da bincike, abin da na samo shi ne zan ɗan gutsura muku.

Ita Jidda tun asali garin ƙishirwa ce. Babu kogi, babu tafki, ruwan sama kuwa sai a shekara ba a ga na kirki ba, in ya zo kuma ya zo da ɓarna. Abin da ya raya ta shi ne Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan hijira. Tun daga nan duk alhajin da ya biyo ta Bahar Maliya a nan yake sauka, kuma abu na farko da zai nema ruwa ne. Makka ta yi dace da Zubaida matar Haruna Rashid, wadda ta zuba dukiyarta aka janyo ruwa daga cikin duwatsu har Arfa, shekara fiye da 1,200 ke nan, har yau ana kiran aikin da sunanta. Mace ce fa, ku riƙe wannan. Ita kuwa Jidda abin da ta dogara da shi rijiyoyi ne masu zartsi, da wasu manyan ramuka da ake ginawa a bayan gari a dalaye su, in an yi ruwan sama ya gangara ciki a adana. Masu kuɗi ke da ramukan, su ke sayarwa. Ruwan da ya kwana wata shida ko shekara a rami, ga zafin Jidda, ba sai na faɗa miki abin da ke yawo a cikinsa ba.

Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 jiragen ruwa masu hayaƙi suka yawaita, alhazai suka ninku, ruwa bai ƙaru ba. Ga kwalara. A 1865 da kuma 1893 ta kashe dubban alhazai, har ƙasashen Turai suka tayar da hankali don tsoron kada jirage su kai musu ita gida. A lokacin Turkawa ke mulkin Hijaz. To a 1907 ne suka kafa wani inji a bakin tekun Jidda, mai cin gawayin kwal, aikinsa ya dafa ruwan gishiri ya fitar da na sha. Turawa suna ce wa irin injin nan kwandensa, bakin mutanen Jidda ya lanƙwasa kalmar ta koma kindasa. Ashe zagin da kakata ta yi shekara da shekaru tana yi mana sunan inji ne.

Yadda yake aiki kuwa babu matar da ba ta gan shi a kicin ɗinta ba. Ki ɗora tukunyar miya wadda gishiri ya yi wa yawa, ki rufe, ta tafasa. In kin ɗaga murfin za ki ga ruwa ya taru a jikinsa yana ɗiga. Ki lasa. Babu gishiri ko kaɗan, don tururi ba ya tashi da gishiri, a tukunya yake barin sa. To kindasa babbar tukunya ce da babban murfi, sai bututun da ke tara ɗigon. Shi ke nan. Amma ki ƙara lasar ruwan murfin nan ki gaya min gaskiya, za ki iya shan kofi guda? A nan maganar take.

Injin Turkawa ya yi ta aiki yana tsayawa, ga ƙarancin kwal a lokutan yaƙi, har ya gaji. Bayan Sarki Abdul'aziz ya karɓi Jidda a ƙarshen 1925 ya sa aka kawo sababbi guda biyu. Waɗannan su kakata ta tarar.

Tana 'yar shekara bakwai iyayenta suka tashi daga Kano, a ƙasa, da jaki ɗaya. Suka bi ta Yerwa, suka tsallaka Fallomi wadda yanzu ake kira Injamena, suka ratsa Abeshe da Alfashir, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙwadago. Sun yi damina biyu suna tsinkar auduga a Jazira ta ƙasar Sudan kafin su tara kuɗin tsallaka teku daga Suwakin. Shekara huɗu suna hanya. Da suka iso Jidda ba cikin ganuwa suka sauka ba, a bayan gari suka zauna cikin bukkokin 'yan uwansu Takari, kuma babanta ya kama sana'ar da baƙo marar jari yake kamawa, wato ga-ruwa. Irin tamu ta nan sak, garwa biyu da sanda a kafaɗa, su can suna ce mata zaffa.

Wannan ɓangaren Gwaggo ce ta cike min shi, don ni abin da na riƙe daga bakin Kaka guntaye ne. Ta ce ruwa a Jidda ta wancan lokaci hawa-hawa ne kamar atamfa. Akwai na rijiya mai zartsi, na wanki da wanke-wanke. Akwai na rami. Sannan akwai na kindasa, mai tsada, na attajirai da ofisoshin jakadun Turawa. Shi tsohon yana bin layi tun asuba a bakin injin, ya ciko garwa, ya hau da ita benaye hawa uku hawa huɗu na gidajen masu kuɗi, amma a bukkarsa na rami ake sha. Mai dakon ruwan daɗi, iyalinsa na shan mai tsutsa, sai an tace da gefen zane.

Sai Kaka ta kwanta ciwon ciki, har aka fara fitar da rai. Wani ya ce masa ruwa ne, a canza mata ruwa. Ranar nan bai kai wa kowa ba, ya sayi garwa guda ta kindasa da kuɗin da za su ci abinci, ya kawo gida, uwarta ta ɗiba a moɗa ta kafa mata a baki. Yarinya ta kurɓa ta furzar. Ta ce wannan ba ruwa ba ne, ba shi da rai, ƙarfe take ji da hayaƙi, a ba ta nasu na kullum. Gwaggo ta ce babanta, wanda yake ɗan ƙarami a lokacin, bai taɓa mantawa ba, don ran nan ne kaɗai ya ga ubansu ya yi kuka. Da lallashi da tsawa aka ɗura mata, kwana da kwanaki, har ta tashi. Ruwan da ya ceci ranta ke nan, kuma ta yi shekara saba'in tana zagin sa. Allah sarki kishiya. Ni ban ga laifinta ba, harshe ba ya karatu, abin da ya saba shi ya sani.

A 1947 aka janyo ruwan idanu daga Wadi Faɗima da bututu har cikin Jidda, aka sa masa suna Ainul Aziziyya. A shekarar ce kuma aka rushe ganuwar garin. Kaka takan ba mu labarin ranar da ruwan ya iso, wai mutane har rawa suka yi, ita kuma ta sha sai da cikinta ya yi ƙwal, don ta ce ran nan ne ta fara shan ruwa mai garɗi tun barin ta gida. Kindasa ta zama tsohon yayi aka yi watsi da ita. Daga baya ma, zamanin da Muhammad Sa'id Farsi yake magajin garin Jidda, wani mai zane ɗan ƙasar Sifen, Huliyo Lafuwente, ya tattara ƙarafunanta ya ƙera abin ado da su aka kafa a gari.

To amma kuɗin fetur ya shigo, gari ya buɗe. Jiddar da Kaka ta sani, wadda za ki zaga ta da ƙafa kafin la'asar, yau mutanenta sun doshi miliyan 4. Wane idon ruwa ne zai shayar da su? Dole aka koma wa tekun da aka guda. A 1970 aka buɗe babbar matata a Jidda, a 1974 aka kafa hukuma sukutum don wannan aiki. Su ba sa cewa tace ruwa, suna cewa tahliya, wato zaƙaƙawa. Hajiyoyinmu masu zuwa sayayya, wannan titin Tahliya na Jidda da kuke shiga kantunansa kuna ƙare guzuri, daga matatar ruwan ya samo sunansa.

Bari in ɗan yi ratse, don abin ya ba ni dariya. Yarima Muhammad ɗan Sarki Faisal, wanda ya fara shugabantar hukumar, ya taɓa kawo shawarar a je can ƙarshen duniya ta kudu inda ƙanƙara take kamar duwatsu, a ɗauro guda da jiragen ruwa a janyo ta har Jidda a riƙa narkarwa ana sha. Ba wasa yake ba, a 1977 har taron masana aka yi a kai a jihar Ayowa ta Amurka, aka ɗauko ƙaton curin ƙanƙara daga Alaska aka kawo wurin taron. Maganar ba ta je ko'ina ba. Amma kin ga inda ƙishirwa take kai mai kuɗi.

Yau Saudiyya ta fi kowace ƙasa a duniya tace ruwan teku. Riyad da ke tsakiyar hamada daga Jubail ake turo mata, ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 400, kamar a ce daga Abuja ake turo wa Kano. Makka da Ɗa'ifa da Jidda kuwa babbar madogararsu matatar Shu'aiba ce, kudu da Jidda, wadda ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1980. Da na ji sunan sai da tsigar jikina ta tashi, don Shu'aiba ita ce tsohuwar tashar jiragen Makka kafin Jidda, daga nan musulmin farko suka shiga jirgi suka yi hijira zuwa Habasha. Yanzu daga wannan gaɓar ruwan wankan alhazai yake tasowa.

To me ya sa ba shi da ɗanɗano? Ni da na ɗauka ruwa mai kyau shi ne wanda babu komai a cikinsa. Ashe abin da muke kira garɗin ruwa ba na ruwan ba ne, na ƙasar da ya ratso ne. Ruwan rijiya yana tafe yana lasar duwatsu da yashi, yana kwasar sinadarai irin su kalsiyam da maganiziyam, kaɗan-kaɗan. In sun yi daidai ki ce ruwan daɗi. In sun yi yawa ki ce zartsi, sabulu ya ƙi kumfa, wake ya ƙi dahuwa sai da kanwa. Lita ɗaya ta ruwan Bahar Maliya tana ɗauke da gishiri kusan giram 40, wato cokalin cin abinci biyu da ɗoriya, ya ma fi na sauran tekuna da ke da wajen 35. Shi kuwa ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in abin da ya narke a cikinsa ya wuce giram ɗaya a lita ya fara gundurar baki. Injin kuma ba ya zaɓe, in ya tashi cirewa da mai amfani da marar amfani duk yake kwashewa. Haka na dafawa yake, haka ma na zamani da ya fi yawa yanzu, wanda ake matsa ruwan da ƙarfin gaske ta cikin wata rariya mai ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, kamar tatar gasara, ruwa ya wuce gishiri ya tsaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ruwan da aka yi wa wannan tsiraicin yunwa gare shi. In aka sake shi haka a bututu sai ya dinga cin ƙarfe da siminti yana neman abin da aka raba shi da shi. Watakila ƙarfen da Kaka ta ji ke nan, ga kuma garwar da aka zubo shi. Don haka yanzu kafin ya bar matata sai an bi da shi ta cikin dutsen farar ƙasa ko a zuba masa ruwanta, a sa masa kulorin saboda ƙwayoyin cuta, wani wurin a gauraya shi da na rijiya. Maƙwabtansu na Kuwaiti, waɗanda da can a jiragen ruwa ake yi musu dakon ruwan sha daga Shaɗɗul Arab na Iraƙi, da suka kafa tasu matatar a farkon shekarun 1950, ruwan zartsi suka riƙa ɗibowa da gangan suna tsarma wa tataccen don ya shawu. Kin ji fa. Zartsin da muke tsine wa, wasu da awo suke zuba shi kamar kayan miya. Ashe ɗanɗanon ma haɗa shi ake yi. Abin da na sha a kicin ɗin Gwaggo ya fi na Kaka gyara nesa ba kusa ba, sai dai ya kwana a tankin ƙasa, ya hau tankin saman bene ya sha rana. Shi ya sa su kansu ba su cika shan na famfo ba, na jarka suke saye, na famfon a bar wa girki da wanki.

Na ce wa Gwaggo gaskiya ina tausaya musu, mutum ya rayu bai san daɗin ruwan randa ba. Sai ta harare ni. Ta ce sau ɗaya ta zo Kano, bikin babanmu, aka ɗebo mata ruwa a randar Kaka, sabuwa, an turara ta, ga jema a ciki, kowa yana jira ta yaba. Ta ce, "Wallahi 'yar nan ƙasa na ji, kamar na tauna tukunya. Nauyi ya yi min a ciki. Don kunyar Gwaggona na haɗiye, kwana ashirin ina marmarin moyar gidanmu." Na buɗe baki na rasa ta cewa. Ruwan randar Kaka fa! Wanda in na tuna shi har yau sai yawuna ya tsinke.

Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, namu ya fi, kuma ba zan fasa faɗa ba. Amma na daina cewa nasu ba shi da rai. Abin da ya tsaya min a zuci daban ne. Mu nan in famfo ya ɗauke, ko mai unguwa ya gaji da jira, akwai rijiyar maƙwabta, akwai burtsatse, akwai 'yan ga-ruwa, damina kuma tana tafe. Su fa? Gwaggo ta ce lokacin yaƙin Gulf a 1991, da aka malalar da ɗanyen mai a tekun gabas ya doshi Jubail, sai da aka yi ta shinge a kan ruwa don kada ya shiga bakin injunan da Riyad take sha. Su da ke Jidda, can ɗaya gefen, ba abin da ya taɓa su, amma ta ce duk wani mazubi da ke gidan sai da ta cika shi, har da tukwanen biki. Ta kuma ba ni labarin shekarun da ruwa yake yanke musu, maza su kwana a layin tankar ruwa, wadda suke kira wayit. Jikokin mai zaffa sun koma bin layin da kakansu ya bi, sai dai su a mota suke zuwa.

Ranar da zan taso, bayan zamzam ɗin da kowa yake riƙowa, na ɗauki wata 'yar gorar roba na cika ta a famfon kicin ɗin, na naɗe a cikin zannuwa na tura ƙasan akwati. Gwaggo tana ta yi min tsiya, wai kowa na tsarabar dabino da bagaruwa ni ina tsarabar ruwan famfo.

Da 'yan uwa suka taru yi min sannu da zuwa, bayan an sha zamzam an shafa, na fito da gorar na ce yau za ku ga kindasa da idonku. Na ba su labarin tun daga jakin har garwar. Babanmu ya yi shiru ya daɗe, don shi ma bai taɓa jin zancen ciwon ba, sannan ya karɓa ya kurɓa kaɗan ya miƙa. Yaya ta kurɓa ta yamutsa fuska, sak Kaka. Ana haka sai ga mijinta ya yi sallama ya zo ɗaukar su, ya shigo da gumi ya ce a taimaka masa da ruwa. Autarmu, shaiɗaniyar yarinya, ta tsiyaye sauran a kofi ta durƙusa ta miƙa masa. Ya shanye tas, ya ajiye kofin ya yi hamdala, ya ce, "Kai, ruwan nan da daɗi yake. Na ina ne?"

Yaya ce ta fara tashi ta shige ɗaki da gudu, ta toshe baki da mayafi.